Alkasum da Fanfon da Takarda Ta Ce Yana da Rai

Mutanen Tungar Takama manoma ne, gida sittin da ƴan kai, zaune a kan fako can cikin ƙasar Tajaye, inda hanyar mota take ƙarewa ta jaki ta fara. Gero suke nomawa da wake, da ƴar dawa a kwari. Idan aka gama kaka, maza su rataya jaka su tafi bida, wato ci-rani, wasu Konni, wasu su tsallaka iyaka, wasu har bakin teku, a bar gari da mata da tsofaffi da yara. Suna da masallaci. Suna da lakwal mai aji uku, inda na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa. Suna da kunya da son baƙo fiye da duk garin da na taɓa zama. Abin da ba su da shi, ruwa ne.

Da damina tabki suke sha, su da dabbobinsu. Idan ya ƙafe, mata su bi ƙasansa suna tonon ramuka, su zauna a baki da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsatso, launinsa kamar kunun kanwa. Mai amalanke da ɗan hali yakan tafi bakin titi, tafiyar kilomita tara, ya sayo mai kyau a bido, wato jarka. A tsakiyar gari kuwa, kusa da kurna, akwai fanfo a tsaye a kan dakalinsa na siminti, da hannunsa da komai. Ya mutu tun kafin a turo ni garin. Awaki ne suke kwana a kansa.

Ta dalilin wannan fanfo na san Alkasum, kuma shi nake so in yi wa jinjina yau, da yake a watan jiya ya ajiye kayan aiki bayan shekara ashirin da bakwai. Gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gajiya.

Alkasum mai gyaran fanfon hannu ne, gidansa a Malbaza. Da an sallame asuba matarsa Mairo ta cika masa gora da fura, shi kuma ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe a bayan wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. A cikin akwatin akwai sifanu, da igiya, da man giris a gwangwanin tumatir, da robobin da yake yankawa da hannunsa idan na kanti suka yi wuya. Ƙauyuka arba'in da ɗaya yake zagawa, daga gefen Konni har cikin ƙasar Illela. Ba shi da albashi. Abin da gari ya iya shi ake ba shi: yau kaza, gobe tiya biyu ta wake, jibi Allah ya saka da alheri.

Idan ya isa gari ba ya taɓa ƙarfe sai ya sa an danna hannun fanfon, shi kuma ya kara kunne a jikin bututu, ido a rufe. Duk fanfo a wurinsa tsohuwa ce. Sai ka ji ya ce, “Wagga tsohuwa tari take, robarta ta cinye,” ko kuma, “Wagga lafiyarta lau, ku ne kunka hana mata mai.” Bakinsa ba ya ragawa kowa, ko maigari ne. Amma matan wani ƙauye a yamma da Malbaza har yanzu suna ba da labarin kwana ukun da ya yi a bakin rijiyarsu yana kamun bututun da ya kuɓuce ya faɗa can ƙasa, da wata ƙugiya da ya sa maƙeri ya ƙera masa. Makiyaya kuma suna tuna ranar Sallar layyar da ya bar ragonsa a rataye ya bi su, don shanunsu sun kwana biyu ba su sha ba.

Fanfonmu ne kaɗai na ga ya gagare shi. Sau uku yana zuwa. A zuwa na uku ya zare bututan duka ya jera a ƙasa, ya zura igiya da dutse a ɗaure, ya jawo, ya duba rairayin da ya manne, sannan ya share hannu a riga ya dubi maigari Junaidu.

“Maigari, wagga kam sai addu'a. Cikinta ya tsage, rairai ya cike ta. Sabuwa za a gina, kuma wanga ba aikin sifana ba ne, aikin gwamnati ne.”

A shekarata ta biyu a garin aka aiko cewa ranar Laraba baƙi za su zo daga buro, wato ofishin ruwa na gwamnati, masu ƙidayar wuraren ruwa. A nan mutanen Tungar Takama suka yi kuskuren da ya ci masu shekara takwas, kuma ina faɗinsa ba don in ga laifinsu ba. Maigari ya sa aka share gari. Tun da sassafe amalanke biyu suka tafi bakin titi suka sayo ruwa garau, aka zuba a sabuwar randa ya yi sanyi. Aka yanka zabi. Mata suka ga dakalin fanfo ya cika da kashin awaki, suka ce abin kunya ne baƙin gwamnati su tarar da kayan gwamnati haka, sai suka ɗebi ruwan nan mai tsada suka wanke shi tas.

Da hantsi mota ta tsaya. Mutum biyu suka fito. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa a kwano sabo, suka sha suka yaba sanyinsa. Ɗayansu ya hango fanfo, dakali a jiƙe yana ƙyalli, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto daga inda yake zaune.

“Wancan ne fanfonku?”

“Shi ne, ranka shi daɗe,” in ji maigari. “Mun gode wa gwamnati.”

Maigari yana da magana a bakinsa, na sani, don daren jiyan ya tara dattawa sun tsara ta. Amma a gidan da ya tashi, ba a kai wa baƙo kuka kafin ya ci abinci. Yana jira a sauke tukunya. Su kuwa ƙauye goma sha ɗaya ke gabansu a ranar. Kafin zabi su nuna sun miƙe, sun yi godiya, mota ta tashi. Ina tsaye a ƙofar aji da alli a hannu, ni ma ban ce uffan ba, ina ganin ba hurumina ba ne in riga maigari magana. Daga tabarmar zuwa fanfon taku ashirin ne. Babu wanda ya taka ya danna hannunsa.

Shekara uku muna jira, ba mu san me muke jira ba. Muna jin an gina rijiya a can, an kafa shato, dogon tankin ruwa, a can. Motocin siminti suna wucewa ta titi, babu wadda ta taɓa juyowa wajenmu. Sai wata rana Alkasum ya iso lakwal da rana tsaka, bai ko gaisa da kyau ba, ya miƙo mini takarda. An kira masu gyara taro, an ba kowa jerin fanfunan yankinsa. Shi ajami yake karantawa, amma ya gane sunan garinmu, ya kuma ga alamar da aka yi a gabansa iri ɗaya ce da ta masu rai. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal.

“Mushe, karanta mini wanga layi. Mi sunka ce?”

Na karanta. Tungar Takama, fanfo ɗaya, yana aiki.

Ya karɓi takardar ya ninke. Can ya ce, “To, barka. Ashe tsohuwa ta tashi ba ku gaya mini ba.”

Ya tsuguna a inuwar aji, ya tara tsakuwa a gabansa, ya nuna mini yadda abin yake, kamar yadda ya fahimta a tarurrukan da ya sha zama a bayan ɗaki. Kuɗin ruwa daga babban birni suke fitowa a dunƙule. A can ake yanka wa kowace jiha nata. Jiha ta yanka wa gundumomi, su kuma su yanka wa na ƙasa da su. Masu yankan nan ba su san ƙishirwar kowa ba. Takarda suke dubawa. Inda takarda ta nuna wuraren ruwa da yawa, rabo ya ragu. Inda ta nuna babu, a fara da su. Garin da aka rubuta yana da fanfo mai aiki, sai ya koma bayan layi. Ya ɗauke tsakuwa ɗaya ya jefar.

“Ka gani? Mataccen fanfo sau biyu shina cutarku. Bai ba ku ruwa ba, kuma ya tsare ƙofa kada a kawo maku wani. Ba ku kaɗai ba. Har jihar duka, don shi ana rage mata.”

A cikin arba'in da ɗayan da ke jerinsa, tara matattu ne, kuma duk taran takarda ta ce suna aiki.

Ni malamin ƙananan yara ne, an san ni da haƙuri, kuma ba na son ɗaga murya. Amma wannan abu har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci. Idan yaro ya kawo mini lissafi, ba amsar kawai nake dubawa ba, sai na bi yadda ya same ta. Yaya za a raba dukiyar ƙasa, a ce waɗannan su sha, waɗancan su jira, da hoton da aka ɗauka daga kan tabarma? An ba ma'aikata biyu ƙauye goma sha ɗaya a yini ɗaya, to me ake so su gani? Garin bakin titi a tsaya a cikinsa a yi hira, na cikin fako a leƙa a wuce. Takardar da aka cika cikin minti goma ta hau sama, buro bayan buro, kowa ya buga mata hatimi, tana hawa tana ƙara nauyi, har ta fi ƙarfin maganar mata ɗari da ke zaune a bakin rami. Kuma a duk tsawon hanyar nan babu wanda ya ce a tambayi mutumin da ya san muryar kowane fanfo a ƙasar. Ga shi nan kuwa a bayan ɗakin taro, da man giris a farce.

Babu wanda ya sa Alkasum abin da ya yi bayan nan. Ya tara kwalaben lemo tara. Ya bi ƙauyukan nan ɗaya ɗaya, ya cika kowace kwalba da ruwan da mutanen garin suke sha, ya ɗaura mata ƴar takarda da sunan garin da ajami. Na rubuta masa wasiƙa da faransanci, ya kai buro. Aka ce maigidan ya yi tafiya. Ya koma, aka ce ya dawo bayan azumi. Ya koma, aka ce wasiƙar ba a gan ta ba, ya kawo wata. Huɗu muka rubuta. Wani ma ya ja shi gefe ya ce masa, shi da ke cin abinci a ƙarƙashin buron nan, ya bi a hankali. Alkasum ya ce abincinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, gaba hamsin, duk mai so ya sauka ya ɗauke.

Kai ne, Alkasum, ka mai da barandar buro wurin zamanka duk ranar da ka shiga birni sayen roba. Ka jera kwalabenka a gefen bango, ka zauna a kan akwatinka, ba ka zagi kowa ba, ba ka kuma tashi ba. Man babur daga aljihunka, yinin aiki ya tafi a banza, Mairo tana ce maka ka zama mai gadin da ba a biya. Ruwan cikin kwalaben ya kwanta ya yi laka, sai ka girgiza su idan ka ga mai takalmi zai wuce. Shekara biyu da rabi kana haka, na Mairo, likitan tsofaffi.

Wanda ya tsaya a ƙarshe wani saurayin ma'aikaci ne da aka turo sabo, sunansa Abdoulaye. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta sama, ya tambaya ko man inji ne. Da ya ji bayani, ya ce ba shi da ikon goge abin da aka rubuta sai ya gani da idonsa, amma zai zo. Ya ba da rana, Laraba mai zuwa.

A satin nan ne Uwani ta zo lakwal. Mijinta ya shekara huɗu a wajen bida, tana da goyo, ga surukarta tsohuwa ba ta tashi. Ƴarta Tsahara tana ajina, shekararta tara, yarinya mai kai, wadda takan iso aji sai hantsi ya yi da ƙafafu duk laka, ta zauna ta kamo waɗanda suka riga ta. Uwani ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce ta zo ɗaukar ta.

“Mushe, ka yi haƙuri. Ni kaɗai ba ni iyawa. In na zauna bakin rami, wa ka daka? In na yi daka, wa ka zama bakin rami? Karatu dai ba a sha nai.”

Gaskiya ta faɗa. Alkasum yana gindin kurna yana ɗaurin tayar babur, ya ji komai. Ya taso yana ɗingishi.

“Uwar ɗiya, ba ni ita aro zuwa Laraba. In baƙon nan ya zo ya tahi ba a gyara takarda ba, ni da kaina zan rako maki ita da bido.”

Uwani ta ce, “Baba, Larabar farko ma mun gani.”

“Wancan karon ba ni nan. Ku kaɗai anka bari da kunyarku.”

Ranar Talata da la'asar ya dawo, ya tarar da abin da yake tsoro. An share gari. Ana ɗaura wa jakai amalanke don su yi sammakon bakin titi. Mata sun fito da tsintsiya za su kori awaki daga dakali. Ya tsaya a gaban zauren maigari ya ce a kwance jakan.

Maigari Junaidu dattijo ne mai sanyin hali, amma ranar na ga fuskarsa ta canza.

“Alkasum, mi kake so in ba baƙo?”

“Abin da jikokinka ka sha.”

“Ruwan rami? A zauren ubana? A tahi da labari cewa Junaidu ya shayar da baƙon gwamnati laka?”

“Wancan karon kun shayar da su garau, kun wanke wa gawa jiki, sunka tahi sunka rubuta tana da rai. Shekara shida ke nan. Zabinku ma ba su ci ba.”

“Kai baƙauye ne, Alkasum, ko da kana kwana Malbaza. Ba ka san mutunci ba.”

“Na san shi. Na gan shi zaune bakin rami tun asuba da goyo a baya.”

Dattawa suka sa baki, wasu nan, wasu can. Wani ya ce a kawo biyun, a ba shi mai kyau ya sha, a nuna masa mummunan. Alkasum ya ce a'a, wanda ya kashe ƙishirwa ba ya ganin launin ruwa. Ana cikin haka sai muryar Uwani ta fito daga bayan zana, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba.

“Baba maigari, a gafarce ni. In kunya ce, ku bar mana ita, mun saba ɗaukar ta. Ɗiyata za ta kai ruwan. Ba sai namiji ya taɓa kwanon ba.”

Maigari ya dubi wajen zanar. Sannan ya ɗaga hannu, aka kwance jakan.

Abdoulaye ya iso da rana ta take, a kan babur, leɓɓansa sun bushe. Aka shimfiɗa masa tabarma. Tsahara ta fito da kwano a hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ya zube, ta durƙusa ta ajiye a gabansa ta buɗe faifai. Maigari ya ja rawani ya rufe rabin fuskarsa. Baƙon ya dubi ruwan, ya dubi yarinyar.

“Wannan kuke sha?”

Tsahara ta ce, “Wanga mai kyau ne. Inna ta tace shi da ɗankwali sau biyu, don kai.”

Ya ɗaga kwanon zai kai baki, don shi ma ɗan mutunci ne, ya san ba a mai da ruwan maraba. Alkasum ya riƙe masa hannu.

“Kada ka sha, ɗana, kana da sauran tahiya. Tashi dai ka gaida tsohuwa.”

Ya kai shi har dakali, awaki suka watse. Abdoulaye ya kama hannun fanfon ya danna. Hannun ya faɗi ƙasa fayau, ba nauyin komai, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ya sake, ya sake. A nan tsaye, a kan kashin awaki, ya buɗe takardarsa ya ja layi a kan abin da aka rubuta, ya rubuta gaskiya, ya juya ya nuna mini in karanta wa jama'a. Bai tafi ba sai da ya ci abinci, kuma da ya ci, maigari ya yi masa jawabin nan da ya shekara shida a bakinsa. Cikin wata biyu shi da Alkasum suka zaga sauran ƙauyuka takwas.

Kada mai karatu ya ɗauka ruwa ya zo washegari. An gyara takarda, amma rabon wannan shekara an riga an yanka shi da tsohuwar. Na shekara mai zuwa aka ce ya yi kaɗan, don jihar ma da tsohon lissafi aka auna mata. Shekara biyu muka ƙara. A cikinsu yara biyar suka bar ajina ba su dawo ba, kuma mun kai ƙananan gawarwaki makwanci waɗanda gudawa ta ɗauka, ba zan ƙidaya su a nan ba, iyayensu suna raye. Kuskuren minti goma, gyaransa shekara takwas, kuma har yau ban ji wanda ya ce a yi haƙuri ba. Maigari kuwa ya yi wata bakwai ba ya amsa sallamar Alkasum da baki, sai da hannu. Uwani ta bar Tsahara a lakwal, yini ɗaya aji, yini ɗaya rami, har ta maimaita aji. Duk ranar da hanyar Alkasum ta biyo ta wajenmu, sai mu ga bido biyu a ɗaure a kan akwatin sifanu, ya sauke a ƙofar Uwani, ya ce aron da ya ɗauka yake biya.

Bara, bayan kaka, motar gina rijiya ta shigo Tungar Takama, yara suna bin ta da gudu. Kwana tara ana huda dutse. Aka kafa shato da faifan hasken rana, aka ja bututu zuwa kawuna huɗu, ɗaya a ƙofar lakwal. Ranar buɗewa an zo da motoci da lasifika, an yi jawabai, an gode wa mutane da yawa da sunayensu. Ban ji sunan Alkasum ba. Yana can bayan shato a tsugune, ya ga wata mahaɗa tana ɗiga, yana ɗaure ta. Sabon injin ba irin aikinsa ba ne, ya sani tun farko cewa ba za a kira shi gyaransa ba. Da na tambaye shi, ya ce, “Wagga amarya ce, Mushe, ba ta jin maganar tsoho.” Maigari ne ya ratsa taro da kwano a hannunsa, ya tara a sabon fanfo, ya kai masa har inda yake, ya tsaya har ya sha.

Mun gode, Alkasum. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya sa abin da ka shayar ya tarar da kai a inda ake buƙatarsa. Daga ƙauyukanka tara, huɗu sun samu, biyar suna jira, amma yanzu suna jira a gaban layi, da sunansu na gaskiya. Ku kuma da ake turowa ƙidaya, don Allah ku taka ku danna hannun fanfo, taku ashirin ne. Ku masu yanka rabo a sama, ku tambayi masu gyara kafin ku buga hatimi. Mu na ƙauye, mu ci gaba da karrama baƙo, amma mu bar shi ya ga abin da muke sha. Duk wanda kuma ya san wani abu da takarda ba ta sani ba, ya yi irin ta Alkasum, ya kai shi ƙofar buro ya zauna.

Tsahara yanzu tana zuwa aji kafin a buga ƙarfe, ƙafafunta a wanke. Kwanan baya muna darasi a kan ruwa, na tambayi yara daga ina ruwan fanfonmu yake zuwa. Wani ya ce daga shato. Wata ta ce rana ce take jawo shi. Wani ya ce gwamnati ta kawo shi a mota, aka yi dariya. Tsahara ta ɗaga hannu, ta miƙe.

“Mushe, ruwan yana ƙarƙashin garinmu tun ba a haife ni ba. Sunanmu ne ba shi cikin masu ƙishirwa, sai da Baba Alkasum ya sa anka rubuta shi.”